Ƙungiyar Garinku, Ko Ba Ta Cin Kofi

'Ya'yana, ina jin musunku idan kun taso daga gidan kallon ƙwallo da daddare, kuma ba na ƙin musun. Ƙuruciya ce, kowane zamani da abin da yake ɗaukar hankalin samarinsa. Abin da yake damuna shi ne saurin sauya sheƙarku. Yaron da bara yake ta da jijiyar wuya a kan Chelsea, bana sai ka gan shi da rigar Manchester City, idan kuma aka sayar da ɗan wasan da yake ƙauna sai ya tattara ya bi shi Madrid ko Saudiyya. Kun ɗauka goyon baya shi ne fakewa a inuwar mai nasara. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wasu mutane a wata ƙasa mai sanyi, waɗanda ake haihuwarsu, su girma, su tsufa, har su koma ga Mahaliccinsu suna bayan ƙungiya ɗaya, alhali sun san da wuya ta taɓa zama zakara.

Sikotland tana arewacin tsibirin Birtaniya. Mutanenta kimanin miliyan 5 da rabi ne, ba su kai na jihar Kano ba, amma suna da ƙungiyoyi 42 a babbar gasarsu, an kasa su rukuni huɗu, ban da ɗaruruwan da suke ƙasa da haka. A cikin waɗannan duka, biyu ne suka mamaye komai, Celtic da Rangers, kuma dukansu a birnin Glasgow suke. Aberdeen ta ɗauki kofin gasar a 1985 ƙarƙashin Alex Ferguson, daga nan kuma aka jera kakar wasa 40, har zuwa ta 2024-25, kofin bai fita daga hannun waɗannan biyun ba. Ku lissafa da kyau. Mutum ya shiga makaranta, ya gama, ya yi aure, ya aurar da 'yarsa, duk a tsakanin nan. To yaron da aka haifa a Arbroath ko Forfar ko Stranraer, tun kafin ya iya karatu ya san matsayin ƙungiyar garinsu. Kuma kowace Asabar yana ganin motocin safa suna tashi daga unguwarsu cike da maƙwabta, sun nufi Glasgow inda ake raba kofuna. Ba wanda ya hana shi shiga motar nan. Duk da haka akwai gidajen da ba sa shiga, daga kaka zuwa jika.

Abin yana farawa ne ranar Asabar da ƙarfe uku na rana. Wannan lokaci ya samo asali tun ƙarni na 19, sa'ad da masana'antu suka fara sallamar ma'aikata da rana tsaka ranar Asabar, mutum ya wanke jikinsa ya nufi fili. Uba yana riƙe hannun ɗansa mai shekara biyar ko shida, su taka da ƙafa, domin filayen nan a tsakiyar gidajen jama'a suke. Dattawan ƙasar har yau suna ba da labarin yadda a da ake ɗaga yaro a tsallakar da shi ta saman ƙofar ƙarfe mai juyawa, ya shiga kyauta, mai karɓar kuɗi ya kau da kai. A ciki kowane gida yana da wurin tsayuwarsa. Ba a rubuta sunan kowa ba, amma an san nan ne wurin su wane, nan kakansu ya tsaya. A watan Disamba kafin a tashi wasa duhu ya rufe, sanyi yana ratsa ƙashi, ga ruwa, ga iska. A hutun rabin lokaci uba ya saya wa yaro ɗan gasasshen fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki, da romo mai zafi da suke kira Bovril. Yaron bai gane dokar satar gida ba tukuna. Abin da ya gane shi ne yau shi da babansa ne, kuma babansa, wanda ba ya yawan magana a gida, ga shi yana ihu yana rungumarsa.

A nan nake so ku dakata, domin nan ne tushen maganar. An san mazan waɗannan garuruwa da ƙarancin bayyana abin da ke zuciya. Mu da muka san alkunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari, ba sai an yi mana dogon bayani ba: akwai ƙaunar da baki ba ya iya faɗa, sai an sama mata wata hanya. Su filin ƙwallo ne hanyarsu. Uba da ɗa za su tsaya kafaɗa da kafaɗa minti casa'in, fuskokinsu na kallon gaba, suna zancen mai tsaron raga da alƙalin wasa, a tsakanin zancen kuma sai a saƙa batun makaranta, da aiki, da rashin lafiyar uwa. Shekaru suna juyawa, wata rana ɗan ne zai riƙe hannun tsohon, ya nema masa kujera inda iska ba ta bugawa. Idan tsohon ya rasu, ɗan ba ya iya barin wurin nan, ko da ƙungiyar ta shekara ba ta ci wasa ba. Wasu filayen suna da bango da ake liƙa bulo ɗauke da sunayen magoya baya, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Kuma kada ku ɗauka abin na maza ne kaɗai. Akwai gidajen da uwa ce ko goggo ta fara kai yaro, akwai tsofaffin mata da suka fi kowa sanin tarihin ƙungiya.

Sai kuma garin kansa. Kusan kowace ƙungiya daga wata sana'a ta tsiro. Cowdenbeath garin masu haƙar kwal ne. Greenock, gidan Morton, garin maƙeran jirgin ruwa ne da matatun sukari. Paisley, inda St Mirren take, zare ne ya ɗaukaka ta. Kirkcaldy ta Raith Rovers ledar shimfiɗar ɗaki take yi wa duniya. Motherwell ƙarfe take narkawa, har aka rufe babbar masana'antar Ravenscraig a 1992. Ramukan kwal sun rufe, maƙeru sun yi shiru, samari sun watse neman abinci. A garuruwa da yawa ƙungiyar ƙwallo tana cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda kakan kaka ya sani, kuma ita ce take sa a ambaci sunan garin a rediyo duk yammacin Asabar. Mutumin da ya ƙi barinta, garinsu ne ya ƙi bari a manta.

Ku ɗauki Arbroath, ƙaramin garin masunta a gabar Tekun Arewa, wanda ya shahara da bandar kifi. An kafa ƙungiyarsu a 1878. Filinsu, Gayfield, taku kaɗan ne tsakaninsa da teku, idan iska ta taso har feshin ruwan gishiri yana isa ga 'yan kallo, ƙwallon da gola ya buga kuma iska ta dawo masa da shi. Ranar 12 ga Satumba 1885 suka ci Bon Accord 36 da nema a gasar kofin ƙasa, wani saurayi mai suna John Petrie ya zura 13 shi kaɗai. Fiye da ƙarni ɗaya wannan rana ce abin tinƙahon garin, domin sai a 2011 suka fara ɗaukar kofin wani rukuni na ƙasa, shi ma rukuni na huɗu, shekara 133 bayan kafuwarsu. 'Yan wasansu ba ƙwallo ce kaɗai sana'arsu ba. Da rana kowa yana wurin aikinsa, su haɗu atisaye da yamma sau biyu a mako. Ɗaya daga cikin gwanayensu na baya, Bobby Linn, ma'aikacin kwashe shara ne a Dundee lokacin da yake buga musu, kuma ba wanda ya raina shi a kan haka, sai ma ƙarin daraja. A kakar 2021-22, ƙarƙashin wani dattijon koci mai suna Dick Campbell da abokin tagwaicinsa Ian, waɗannan ma'aikata suka yi ta jan ragamar rukuni na biyu, a gaban ƙungiyoyin da 'yan wasansu ba su da wani aiki sai ƙwallo. Saura ƙiris su hau babban rukuni. Kilmarnock ta doke su 2-1 ana saura wasa ɗaya, suka ƙare na biyu da ratar maki 2, aka kuma fitar da su a wasan cike gurbi da bugun fenareti. Garin ya yi baƙin ciki. Da sabuwar kaka ta zo, mutanen nan suka koma bakin tekunsu suka tsaya.

Arbroath ma ai ta ga haske. Akwai waɗanda duhunsu ya fi haka tsawo. East Stirlingshire, ƙaramar ƙungiya a Falkirk, ta ƙare a can ƙarshen rukuni na ƙarshe kaka biyar a jere, daga 2003 zuwa 2007. A kakar 2003-04 maki 8 kacal ta samu a wasa 36, ana biyan ɗan wasa fam 10 a mako. Brechin City, wadda shingen shuke-shuke ne ya kare gefe guda na filinta, ta buga kakar 2017-18 gaba ɗaya ba ta ci wasa ko ɗaya ba, maki 4 ta tashi da shi. Fort William, a gindin dutsen Ben Nevis, ta haura shekara biyu ba ta ga nasara ba. A ƙananan rukunan nan 'yan kallo ɗaruruwa ne, ba dubbai ba. Kuma a cikinsu akwai 'yan tsirarun da suke bin ƙungiya wasan waje, su taso daga Stranraer a kudu maso yamma zuwa Elgin ko Peterhead a arewa maso gabas, awa biyar ko fiye a mota, wani lokaci su isa a ce musu ƙanƙara ta daskarar da fili, an ɗage wasa.

Za ku ce wannan wahala ce kawai. Ni ga abin da nake gani a ciki. Idan mutum ɗaya ya fasa zuwa filin Celtic mai cin mutum 60,000, wani zai zauna a kujerarsa kafin ta huce. Idan ka daina son Real Madrid yau daga Kano ko Maraɗi, ba wanda zai sani a Madrid, kamar yadda ba su san ranar da ka fara ba. Amma a filin da mutum 400 suke taruwa, idan ba ka zo ba an san ba ka zo ba. Za a tambayi ɗan'uwanka ko lafiya. Kuɗin tikitinka yana cikin abin da za a biya wutar fili da shi. Magoya bayan ne suke fenti da rani, su ne suke kwashe ƙanƙara da shebur da asuba don a samu yin wasa, su ne masu sayar da tikiti da shayi, da yawansu ba a biyansu ko sisi. Mutum yana da ƙishin a buƙace shi, 'ya'yana, ko bai sani ba. Ƙaramar ƙungiya tana buƙatar mai goyon bayanta da gaske, shi kuwa ya san haka, wannan ne yake riƙe shi.

Kada kuma ku ɗauka irin wannan biyayya ta makanta ce. Waɗannan mutane suna faɗa da shugabanninsu idan an ci amana. A 1964 masu riƙe da East Stirlingshire suka kwashe ta daga Falkirk suka kai ta Clydebank, can wani gari daban, suka haɗe ta da wata ƙungiya. Ƙananan masu hannun jari da magoya baya suka garzaya kotu, suka yi nasara, a 1965 ƙungiyar ta dawo gida. Ita Clydebank ɗin, shekaru bayan haka, abin ya faɗo kanta: aka sayar da filinta a 1996, ta yi ta yawon haya, a 2002 aka saye ta aka mayar da ita garin Airdrie da sabon suna. Magoya bayanta ba su bi ta can ba, ba su kuma koma Celtic ko Rangers ba, ga su kusa da su. Sai suka tara kuɗi suka sake kafa Clydebank a 2003 daga can ƙasa, a filayen da ko rumfa babu sosai, suka ci gaba da hawa mataki-mataki.

Wanda bai samu irin wannan ceto ba shi ne Third Lanark. An kafa ta a 1872, ta zama zakaran ƙasa a 1904, a kakar 1960-61 ta zura ƙwallo 100 ta ƙare ta uku. Shekara shida bayan haka, a 1967, mugun shugabanci ya kashe ta, kuma binciken hukuma ya tabbatar da ɓarnar da aka yi da dukiyarta. Filinta, Cathkin Park, yana nan a Glasgow, itatuwa sun tsiro a kan matakalan da dubban mutane suke tsayawa a da. Wasu daga cikin magoya bayanta ba su sake bin wata ƙungiya ba har suka bar duniya. Sai kuma Gretna, ƙauye mai mutum kimanin 3,000 a kan iyakar Ingila. Wani attajiri, Brooks Mileson, ya zuba mata dukiya, ta hau rukuni uku a shekara uku a jere, daga 2005 zuwa 2007, har ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2006, Hearts ta ci ta da fenareti. Kowa ya yi ta yabo. Da attajirin ya kwanta rashin lafiya a 2008, kuɗi suka tsaya, cikin 'yan watanni ƙungiyar ta rushe. A wani wasanta na babban rukuni a wannan shekara mutum 431 ne suka zo kallo. Taron da nasara ta tara ya watse tare da ita. 'Yan kaɗan ɗin da suke tare da Gretna tun ba ta da komai, su ne suka zauna suka kafa sabuwa mai suna Gretna 2008.

Daga irin waɗannan darussa ne magoya baya suka fara cewa gara su riƙe abinsu da hannunsu. A 2010 ƙungiyar magoya bayan Stirling Albion ta sayi kulob ɗin gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a babbar gasar ƙasar. Na Dunfermline suka ceto tasu daga bashi a 2013, na Motherwell suka karɓi mafi yawan hannun jari a 2016, na St Mirren da Morton suka biyo baya. Ba attajirai ba ne. Direbobi ne, da malaman makaranta, da 'yan fansho, kowa yana ba da ɗan abin da zai iya duk wata. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon nan ba na zama a ci ba ne, sai an ciyar da shi daga aljihu.

To, ranar farin ciki fa? Tana zuwa, jefi-jefi, kuma idan ta zo ba ta da misali. Ranar 27 ga Nuwamba 1994 Raith Rovers, tana rukuni na biyu, ta haɗu da Celtic a wasan ƙarshe na kofin League. Aka tashi 2-2, aka je fenareti, golan Raith Scott Thomson ya tare bugun kyaftin ɗin Celtic, Paul McStay. Wannan kofi ya kai su gasar Turai a shekarar da ta biyo, suka je Jamus suka haɗu da Bayern Munich a gidanta, aka tafi hutun rabin lokaci Raith tana gaba da ci 1-0. An ƙare an ci su 2-1, amma hoton allon filin nan a lokacin hutu ya zama abin gado a Kirkcaldy. Gordon Brown, wanda ya zama firaministan Birtaniya, a garin ya tashi, yana yaro yana sayar da takardar shirin wasa a ƙofar filin Raith, kuma mulki bai sa ya sauya ƙungiya ba. Partick Thistle ma tana da tata ranar, a 1971, da ta zura wa Celtic ta koci Jock Stein huɗu kafin hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe. Darvel, ƙungiyar wani ƙaramin gari da ke mataki na shida, ta fitar da Aberdeen daga kofin ƙasa da ci 1-0 a Janairun 2023. Jikokin waɗanda suka tsaya a filin nan a daren za su ji labarin.

Amma wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na St Johnstone ta birnin Perth. An kafa ta a 1884. Filin da take wasa a kai yanzu, wani manomi ne, Bruce McDiarmid, ya ba da gonarsa kyauta aka gina, aka sa masa sunansa. Sai da ta shekara 130 kafin ta ɗauki babban kofi na farko, a 2014, da ta ci Dundee United 2-0. Ku yi tunanin mutum nawa ne suka bi ta tun suna yara har suka tsufa suka rasu ba su ga wannan rana ba, su da 'ya'yansu. Mutane da yawa da suka je filin a ranar suna murna ne suna hawaye, domin wanda ya fara kawo su kallo ba ya nan. Sannan a 2021 ta ɗauki kofuna biyu a kaka ɗaya, ɗan wasa ɗaya, Shaun Rooney, shi ya ci ƙwallon nasara da ka a wasannin ƙarshe duka biyun. Amma shekarar annobar korona ce, filin Hampden da aka buga wasannin ba kowa, magoya bayan da suka jira tsawon rayuwarsu a talabijin suka kalla. A 2025 kuma ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni. Wanda ya zo don kofi, da ya tafi tun tuni. Waɗanda suka rage sun ga hawa sun ga sauka, ba su kuma ɗauki ɗayansu a matsayin dalilin zuwa ko na fasawa ba.

Har manyan da kuke yi wa kirari, daga irin waɗannan wurare suka fito. Alex Ferguson ya fara aikin koci a East Stirlingshire ɗin nan a 1974, yana da shekara 32, ana ba shi fam 40 a mako, ya tarar ko gola babu. Jock Stein, wanda ya kai Celtic ga kofin Turai a 1967, yana haƙar kwal yake buga wa Albion Rovers. Andy Robertson, Celtic ta sallame shi yana yaro, Queen's Park ta karɓe shi a rukuni na huɗu ba albashi, yana ɗan aikin amsa waya a Hampden, a 2019 ga shi ya ɗaga kofin zakarun Turai da Liverpool. Ita Queen's Park, wadda ta girmi kowace ƙungiya a ƙasar, tun 1867 take, ta shekara 152 ba ta biyan 'yan wasa albashi bisa aƙida, tana wasa a fili mai cin mutum fiye da 50,000 gaban 'yan ɗaruruwa. Ko ɗanmu Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, bayan ya bar Celtic da Hibernian bai ga ƙasƙanci ba a buga wa Livingston, da St Johnstone, da Dunfermline, da Morton, da Queen of the South. Da ba don tsofaffin da suke riƙe da ƙananan filayen nan cikin sanyi ba, da babu inda yaron da aka sallama zai sake gwada sa'arsa.

Akwai iyakoki, kuma wajibi ne in faɗa muku su. A ƙasar nan ɗaya, gabar Celtic da Rangers ta cuɗanya da bambancin ɗarika tsakanin Katolika da Furotesta, uba yana gadar wa ɗa ƙiyayya tare da riga. Bayan wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 1980 magoya bayansu suka yi arangama a tsakiyar fili, har sai da aka yi dokar hana giya a filayen ƙwallon ƙasar. Irin wannan gado ba abin karɓa ba ne, ko daga wa ya fito. Ba kuma na cewa uba ya tilasta wa ɗa. Yaron da aka ja da ƙarfi zai gudu ranar da ya samu ƙafa, wanda aka tafi da shi cikin daɗin rai shi yake zama. Ƙwallo kuma wasa ce, ba ta shiga gaban salla, ba ta shiga gaban haƙƙin iyali ko neman halal. Abu ɗaya kuma yana ƙona mini rai: wasunku sun san sunan Forfar da Montrose da Stenhousemuir, amma a manhajar caca suka san su. Abin da wani dattijo yake riƙe da shi don tunawa da mahaifinsa, kai ka mai da shi lambar da za ka jefa kuɗin cefanen gidanku a kai. Ku bar wannan, don Allah.

Yanzu ku waiwayo gida. A Kano an yi Raccah Rovers, ta zama zakaran Najeriya a 1978, yau yara nawa ne suka san sunanta? Mighty Jets ta Jos ita ta fara ɗaukar kofin gasar ƙasa a 1972. Kano Pillars ta ɗauka a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta faɗo a 2022, ta dawo bayan shekara guda, kuma na yaba wa waɗanda ba su guje ta ba a wannan shekara. Akwai Katsina United, akwai Wikki ta Bauchi, akwai Ranchers Bees a Kaduna, akwai Sahel a Yamai, akwai ƙungiyoyin unguwa da suke wasa a filin makaranta ba tare da kowa ya san su ba. Na san uzurinku. Yawancin ƙungiyoyinmu a hannun gwamnatocin jihohi suke, albashi yana makara, alƙalanci wani lokaci ba ya gamsarwa, filayen kuma akan yi jifa da doke-doke har mai mutunci ya ji tsoron kai ɗansa. Duk gaskiya ne. Amma fili yana zama na 'yan tada zaune tsaye ne idan masu hankali suka ƙaurace masa, kuma ƙungiyar da 'yan kallonta suke tsallaka katanga ba za ta taɓa fita daga hannun gwamnati ba. Mutanen Clydebank ba su jira wani ya gyara musu ba.

Ban ce ku daina kallon Turai ba. Ku kalla, ku more gwaninta, ba laifi. Amma wanda mahaifinsa yake raye a cikinku, ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ƙungiyar da ya bi yana saurayi, da filin da yake zuwa, da wanda ya fara kai shi. Za ku ji labarin da bai taɓa ba ku ba. Sannan ranar da ƙungiyar garinku za ta buga a gida, ku sayi tikiti da kuɗinku, ku shiga ta ƙofa, ku tafi da ƙanenku, ba jifa, ba zagin alƙali. Idan an ci ku, ku koma wasa na gaba. Allah Ya yi muku albarka.